Neman shawara: ta ina zan fara da tarihin Edward Cope?

Ɗalibar Bayoloji: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba mu aikin gabatarwa a kan masanin dabbobi ɗaya, na zaɓi Edward Drinker Cope na Amurka. Minti goma kawai gare ni, kuma duk inda na duba rigimarsa da wani masani mai suna Marsh ake ta kawowa. Ta ina zan kama?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumussalam. Ƙanwata, ki fara da dabbobi masu rai. An haife shi a Filadelfiya a 1840, ya rasu a can a 1897, a tsakani ya rubuta maƙaloli wajen 1,400, da yawansu a kan kifaye, kwaɗi, macizai da ƙadangaru. Shi ya sa a 1913 aka raɗa wa mujallar masana waɗannan dabbobi suna Copeia. Mutane sun manta wannan, sun riƙe aikinsa a kan ƙasusuwan dinoso, dabbobin zamanin dā da suka ɓace.

Mai Son Tarihi: Malam, da girmanka, amma in ta cire rigimar 'yan aji barci za su yi. Ki ba ta minti uku. Cope ya haɗa ƙasusuwan Elasmosaurus, wata dabbar ruwa ta zamanin dā, ya yi kuskure ya ɗora kanta a ƙarshen wutsiya, Othniel Marsh na Jami'ar Yale ya yi ta yi masa dariya da shi. Suka dinga rige-rigen haƙo ƙasusuwa a yammacin Amurka, kowa na gaggawar sa wa halitta suna kafin ɗan'uwansa, har a 1890 suka tona wa juna asiri a jaridar New York Herald.

Malamin Kimiyya: Minti biyu ya isa. Gaggawar nan ce ta jawo dabba ɗaya ta tashi da suna biyu ko uku, na baya suka sha wahalar warwarewa. Ki faɗi hakan.

Ɗalibar Bayoloji: To Yaya, da gaske ne Cope ya talauce?

Mai Son Tarihi: Sosai. Ɗan masu hali ne, ya zuba gadonsa a haƙar azurfa, kuɗin suka nutse. A 1895 ya sayar wa gidan tarihin halittu na Niyok babban kaso na tarin ƙasusuwansa.

Ɗan Agadas: In kina son hoto, nemi na Camarasaurus da Dimetrodon, dabbobin zamanin dā da suka ɓace, duk Cope ne ya sa musu suna. Kuma duk wanda hanya ta kai Yamai ya leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, akwai ƙasusuwan dinoson da aka tono a ƙasar Nijar.

Malamin Kimiyya: Abu ɗaya kada ki ɓoye: rubuce-rubucensa a kan baƙar fata da mata cike suke da raini. Ki ambata a fili, ko da jimla biyu ce.

Ɗalibar Bayoloji: Na gode, Allah ya saka. Zan turo muku kafin Alhamis ku duba mini.