An ce min sirri ne: sunan Inna ya fita daga jerin tallafi

Baban Husna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake. Shekara biyu sunan mahaifiyata yana cikin jerin wani tallafi na masu ƙaramin ƙarfi, tun da Baba ya rasu da ɗan kuɗin nan take sayen maganin hawan jini. Wannan karon shiru. Na je ofishin da abin ya shafa, aka ce an gwada bayanan NIN da na BVN a kwamfuta, nata bai zo ɗaya ba, sai aka cire ta. A NIN Hauwa'u ce, a banki Kulu. Shekarar haihuwa ma ta saɓa da biyu, don tsohuwar nan ba ta san shekarunta ba, ƙiyasta mata aka yi. Na ce to a nuna min takardar da ta ba da umarnin cirewa, mutum nawa aka cire a mazaɓarmu, su wa suka rage. Mutumin ya ɗora tafin hannunsa a kan fayil ya ce min, sirri ne. Sau uku ina zuwa daga Rigasa, amsar ke nan. Sun ɗauki yatsunmu goma, sun ɗauki hotonmu, sun san lambar wayarmu da asusunmu, mu kuwa takarda ɗaya ba za mu gani ba. Ni dai na ce gwamnati ba ta da wani sirri a kan talaka. A liƙa jerin a bango kowa ya gani!

Maman Walid: Innalillahi. Allah ya ba Inna lafiya, ya fito mata da haƙƙinta.

Malam na Tudun Wada: Baban Husna, na ji zafin da kake ji, amma ka janye maganar babu sirri. Addini ya zo da rufin asiri. A cikin Suratul Hujurat Allah ya hana mu bin diddigin juna. Akwai dattijon da yake karɓar tallafin nan, 'ya'yansa ma ba su sani ba, da safe ya sa babbar rigarsa ya fita kamar kowa. Ka liƙa sunansa a bangon makarantar firamare, yaran unguwa su karanta, me ka yi masa?

Baban Husna: Allah ya gafarta Malam, ba asirin dattijo nake son tonawa ba. Na ɓarawo nake nema.

Malam na Tudun Wada: Ai bango ba ya tantance dattijo da ɓarawo, duk wanda ka liƙa shi za a karanta.

Ɗan Kawo: Malam, da girmanka, ayar nan tsakanin mutum da ɗan'uwansa take. Dukiyar jama'a kuma amana ce, mai riƙe da amana ana tambayarsa. Kada a ɗauko aya a lulluɓe fayil da ita.

Malam na Tudun Wada: Yaro, ni za ka koya wa inda aya ta sauka? A gaban wa ka ɗauki tafsiri?

Ɗan Kawo: Ban ce na fi ka karatu ba, Malam. Na ce sirri iri biyu ne.

Hajiya Babba: Ni kalmar ce ma ba ta yi min ba. Sirri na mata da miji ne, na likita da mara lafiya ne. Abin da ake yi a ofis sunansa rufa-rufa.

Alhajin Unguwar Rimi: Hajiya, rufa-rufa zargi ne, kina da hujja? Na yi shekara 32 ina aikin gwamnati. Ranar da aka ɗauke mu mun yi rantsuwar riƙe sirri, kuma akwai dokar sirrin gwamnati tun 1962. Ƙaramin ma'aikaci ya miƙa maka fayil, gobe a ba shi takardar tuhuma, kai za ka ciyar masa da iyali?

Hajiya Babba: Alhaji, ai da ma ku ne. Jinin aikin bai bar ka ba.

Alhajin Unguwar Rimi: Ku su wa? Ki faɗi abin da na taɓa ci.

Barista: Jama'a ku ɗan saurara, kowa ya kama gefe ɗaya na abin. Alhaji, dokar 1962 tana nan, amma a Mayun 2011 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ake kira FOI. Ta ce kowa yana da ikon neman takardar da ke hannun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Kwana 7 aka ba su su amsa, za su iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa. In za su hana, sai sun rubuta dalili da sashen da suka dogara da shi. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba tararsa naira 500,000. Kuma dokar ta ce buga wa takarda hatimin sirri kaɗai bai isa ya hana a bayar da ita ba. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke, a wata shari'a da ta taso daga Edo, cewa ta hau kan jihohi ma.
Amma Baban Husna, abin da ka nema kashi biyu ne. Sashe na 14 na dokar ya kare bayanan mutanen da suke karɓar taimakon jin ƙai ko na lafiya ko na kuɗi daga hukuma. Don haka sunaye da lambobin waya da na asusu, suna da hujjar riƙewa, sai in mai sunan ya yarda ko maslahar jama'a ta rinjaya. A nan Malam yana da gaskiya. Takardar umarnin kuwa, da ƙa'idar da aka bi wajen gwada bayanan, da adadin waɗanda aka cire a kowace mazaɓa, waɗannan ba sirrin kowa ba ne. Ko suna cikin fayil ɗaya da sunaye, sai a rufe sunayen a ba ka sauran.
Abin da ya fi muhimmanci ga Inna shi ne dokar kare bayanai ta Yunin 2023. Ita da kanta tana da ikon ganin abin da aka rubuta a kanta, ta ce a gyara kuskure. Kuma in kwamfuta kaɗai ce ta yanke hukuncin da ya taɓa ta haka, tana da ikon neman ɗan adam ya zauna ya duba. In an ƙi, akwai hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, da ake kai wa ƙorafi. Ka daina zuwa da baki. Ka rubuta, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka.

Malam na Tudun Wada: Alhamdulillah. Kun ji dai, Barista ya ce ina da gaskiya.

Ɗan Kawo: Layi ɗaya Malam ya karanta a cikin ashirin.

Alhajin Unguwar Rimi: Barista, doka a takarda daban, ofis daban. Mutum nawa ka sani da aka ci tarar 500,000 ɗin?

Barista: Wannan tambaya ce mai kyau, Alhaji, amma ba ta mayar da haƙƙi ba haƙƙi ba.

Mai POS na Bakin Dogo: Ku kuna ta faɗa a kan sirri, sirrin da ya riga ya zube a kasuwa. Jiya wata tsohuwa ta zo rumfata tana kuka. An kira ta a waya, aka faɗa mata cikakken sunanta da ranar haihuwarta da sunan unguwarsu, aka ce daga wajen tallafi ne, ta karanto lambar da za ta shigo wayarta. Ta karanta. Dubu goma sha takwas ɗin da ta tara na kuɗin makarantar jikarta suka tafi. Ta riƙe ƙaramar wayarta da aka ɗaure da roba tana ce min, ɗana, ai ya san sunana. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan intanet da suke sayar da bayanan mutane, har a kan naira 100. Mai gaskiya ya je ofis a ce masa sirri ne, ɗan damfara yana kwance a ɗaki yana da komai.

Maman Walid: Wallahi ni ma an kira ni haka da azumi. Allah ne ya tsare.

Ɗan Kawo: Mai POS, ku ma fa ana cewa ta wajenku ake samun lambobin mutane.

Mai POS na Bakin Dogo: Wa ya ce? Ka kawo sunansa. Shekara biyar ina wurin nan, ba wanda ya taɓa kai ni ko wajen mai unguwa. Ka iya bakinka.

Ɗan Kawo: Ban ce kai ba, na ce ana cewa.

Mai POS na Bakin Dogo: Ana cewa ɗin nan shi ya raba gidaje da yawa.

Kwamared: Duk wannan haɗe-haɗen bayanan wahalar da talaka ne kawai. Tun Disambar 2020 aka ce a haɗa layin waya da NIN, mutane suka kwana a layi lokacin korona, a Afrilun 2022 aka toshe wa miliyoyi kira. Aka ce don a kama masu garkuwa ne. Mu da muke Kaduna mun ga harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, mun ga watannin da mutanenmu suka yi a daji. Da me ake cinikin kuɗin fansa in ba da waya ba?

Alhajin Unguwar Rimi: Kwamared, ka yi adalci. A 2016 da BVN aka gano ma'aikatan bogi sama da 23,000 a albashin tarayya. Ba don gwada bayanai ba, da har yau ana biyan fatalwa. In ba a gwada ba ku ce ana sata, in an gwada ku ce zalunci.

Kwamared: To fatalwar nan wa ya rubuta sunanta? An ɗaure shi?

Ɗan Gidan Gwamna: Ni na san inda maganar nan ta dosa. Tun da Baban Husna ya rasa takarar kansila yake neman abin da zai shafa wa gwamnati. Kaduna ce fa ta shiga tsarin buɗaɗɗiyar gwamnati na OGP tun 2018, kasafin kuɗinmu yana intanet kowa ya duba. Wace jiha ce a Arewa ta riga mu?

Baban Husna: Tsoron Allah dai. Ban ambaci gwamna ba, ban ambaci jam'iyya ba, ban ma faɗi ko ofishin na jiha ne ko na tarayya ba. Maganar maganin uwata nake yi.

Kwamared: Kuma 2018 ɗin da kake taƙama da ita zamanin El-Rufai ne, wanda yanzu ba ku son a ambaci sunansa.

Ɗan Gidan Gwamna: Kai da kake yabonsa yau, ba kai ne ka yi zanga-zanga ba lokacin da aka sallami malamai sama da 21,000 a 2017?

Kwamared: Na yi, kuma gobe ma zan yi. Ni ba a saye ni da buhun shinkafa ba.

Ɗan Gidan Gwamna: Wa aka saya? Admin, ka ga abin da yake faɗa min.

Hajiya Babba: Ku ji min yaran nan. Ana maganar tsohuwa ba ta da magani, kun koma kan iyayen gidanku.

Antin Barnawa: Ni tambaya ɗaya gare ni ga masu cewa sirri. A Nuwamban 2022 INEC ta baje rajistar masu zaɓe, a bango da kuma intanet, da suna da hoto. A nan ne mutane suka tsinto ƙananan yara da sunaye biyu-biyu. Lokacin ba wanda ya ce sirri. Don me jerin ƙuri'a zai fito, jerin kuɗi ya ɓuya?

Malam na Tudun Wada: Anti, yin zaɓe ba abin kunya ba ne. Talauci kuwa mutum yana ɓoye shi.

Antin Barnawa: Talauci ba abin kunya ba ne, Malam. Ku kuke faɗa mana haka a wa'azi.

Malam na Tudun Wada: Ban ce abin kunya ba ne, na ce ana ɓoye shi. Kada a sa min magana a baki.

Baban Husna: Barista, don Allah takardar nan da Hausa zan rubuta ko da Turanci? Kuma Inna ba ta iya sa hannu ba.

Ɗan Gidan Gwamna: Admin, har yanzu Kwamared bai janye maganar shinkafa ba.

Kwamared: Ba zan janye ba.

Barista: Baban Husna, ka kira ni bayan isha'i. Dangwale ya isa.

Admin: Jama'a ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da zaure ya tsayar. Na ɗaya, kusan kowa ya yarda da Malam cewa sirri wajibi ne, kuma Barista ya tabbatar da haka a doka. Na biyu, ma'aikacin da ya hana fayil aikinsa ya yi, kamar yadda Alhaji ya bayyana, ni ma da na yi aiki a sakatariya haka aka koya mana. Na uku, haɗa bayanai alheri ne, shi ya kori ma'aikatan bogi. Baban Husna ya yi haƙuri ya kai Inna a daidaita sunanta na banki da na NIN, wannan ne gyaran. Kwamared ya ba Ɗan Gidan Gwamna haƙuri kafin gobe da azahar, in ba haka ba zan cire shi na mako guda. Na rufe zaure sai da safe.