Neman kalmar Hausa: "overactive bladder"

Maman Ummi: Salamu alaikum. Gobe da safe za mu naɗi shirin lafiya, fassara ta tsaya min a "overactive bladder". Bayanin kan gwajin ɓeraye ne: ana zura wa ɓera siririn tiyo a mafitsara, ana ɗura ruwan gishiri sannu a hankali, ana auna saƙon da jijiyoyi ke kaiwa laka. Da aka ba su oxybutynin ko mirabegron sai saƙon ya ragu. Ke nan ba tsokar mafitsara kaɗai maganin ke kwantarwa ba, har da jijiyar da ke kai rahoto. Me zan kira ciwon?

Ɗan Samaru: Yawan fitsari mana, Hajiya.

Anti Nas: A'a. Ki faɗi haka a rediyo, washegari kowa ya tafi awon suga. Kuma don Allah kar a kusanci "yoyon fitsari", wannan na matan da naƙuda ta yi wa rauni ne. Nan mafitsara ba ta huje ba. Tun ba ta cika ba take matsawa farat ɗaya, mutum ya yi ta tashi da dare, wani lokacin ya kubce kafin a kai banɗaki.

Malam na Tudun Wada: Zumuɗin mafitsara. Na daɗe da ajiye ta. Zumuɗi shi ne yin abu kafin lokacinsa, to me ya rage?

Ɗan Samaru: Allah gafarta Malam, dariya za a yi. Tsohuwar da ta daina zuwa biki saboda wannan, a ce mata mafitsararta na zumuɗi? Kuma ai sigina ce ta rikice.

Malam na Tudun Wada: Sigina! A Zariya, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, muna da saƙo ka ce sigina? Har "jijiya" ma ku gyara. Ta jini jijiya, ta agara jijiya. A ce jijiyar saƙo.

Bakano a Sabon Gari: Malam, kun buga jarida, amma Hausarmu kuka buga.

Malam na Tudun Wada: Yaro, ku kuna kasuwa muna gyara muku rubutu.

Mai Kemis: Ku bar wannan tukuna. Hajiya, kar ki haɗa magungunan biyu wuri guda a bayaninki, aikinsu ba ɗaya ba ne. Oxybutynin yana tare sinadarin acetylcholine, wanda ke umartar tsoka ta matse, shi ya sa baki ke bushewa, bayan gida ya yi tauri. Mirabegron wata hanya yake bi, sassauta tsokar yake yi lokacin da fitsari ke taruwa. Japan ta amince da shi a 2011, Amurka a 2012. Ki kuma nanata cewa awon jijiyar nan a ɓera aka yi, kar wani ya zo min yana neman "maganin jijiya".

Anti Nas: Marasa lafiya dai cewa suke "fitsari ne ke matsa min". Matsuwar fitsari ta gaggawa.

Malam na Tudun Wada: Wannan bayani ne, ba suna ba. Kalma huɗu!

Maman Ummi: Na gode. Zan sa "matsuwar fitsari ta gaggawa", na kuma ɗauki "jijiyar saƙo" ta Malam. Zumuɗin sai wani jiƙon.

Malam na Tudun Wada: To. Ku sa taku. Ni a ajina zumuɗi zan ci gaba da cewa.

Bakano a Sabon Gari: Saura ɓera. Kar Sakkwatawa su ji, su ce kusu.