Ina neman shawara kan lasisin koci

Assalamu alaikum, manyan kociyoyi. Shekara huɗu ke nan ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 a filin unguwarmu a Kano, da kwallo biyu da tsofaffin tayoyi da muke jerawa. Ban taɓa yin wani kwas ba. Watan jiya wata akademi ta kusa ɗaukata, da suka tambayi lasisi sai na yi zuru.

Shin ta lasisin D na CAF, hukumar kwallon ƙafa ta Afirka, zan fara, ko in nufi kwas ɗin NIS, cibiyar koyar da wasanni ta ƙasa da ke Surulere a Legas? Ga shagon ɗinki da nake ciyar da iyali da shi, rufe shi wata da watanni ba zai yiwu ba. Don Allah wanda ya bi ta nan, ta ina ya fara?