Wane birki mara nauyi zan sa a bayan motar da nake haɗawa?

Maiwalda_KD ya rubuta:

Salam 'yan uwa. Kusan shekara biyu kenan ina haɗa wata 'yar mota mai kujera biyu a gida, shasi na fayif ne da hannuna na walda shi, inji da giya na Golf 3 ne mai 1.8, gaba ke ja kamar yadda yake a asali, aksil ɗin baya ma na Golf 3 ne da birkinsa na durom. A lissafina in an gama ba za ta wuce kilo 600 ba tunda ba ƙofa ba gilas ba kujerar baya. To matsalar ita ce ƙafar bayan tai min nauyi, in na faɗa rami sai in ji bayan na tsalle kamar amalanke, shi ne nake tunanin cire durom in sa dis da kalifa (abin da ke matse dis ɗin in an taka birki) mara nauyi. Wani ma ya ce in nemi kalifar babban mashin in ɗaura. Kafin in shiga kasuwar Panteka in zubar da kuɗi, wa ya taɓa gwadawa?

ƊanPower ya amsa:

Oga sa na mashin kawai, alminiyom ne, a tafin hannu za ka riƙe shi. Mota kilo 600 ai babban mashin da mutum biyu a kai ya kusa rabin haka. Mai tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya yanka maka biraket shikenan.

TsohonBakanike ya amsa:

ƊanPower yaro na, to birkin hannu fa? Kalifar mashin ba ta da wajen saƙala waya, in ya faka a gangare dutse zai riƙa sawa a taya kenan. Kuma dis ɗin mashin siriri ne, bakin kalifar ba zai shiga dis ɗin mota ba sai an ci dis ɗin a tana, ni kuwa ban yarda a rage wa ƙarfen birki nama ba ko na waye.

Malam Maiwalda ni tambaya ɗaya zan maka tukun. Lokacin da ka ciro aksil ɗin nan daga jikin Golf, akwai wani ɗan bawul da ke kusa da shi mai sifirin, fayif ɗin man birki na bi ta cikinsa, ka ɗauko shi ko ka bar wa 'yan gwangwan? Don yawancinku yar da shi kuke yi. Aikinsa shi ne in bayan mota ba kaya sai ya rage ƙarfin man da ke zuwa tayoyin baya, in an loda ta zauna sai ya buɗe. Kamfani bai sa shi don ado ba. Duk sanda ka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, baya ya ɗage, tayar da ba nauyi a kanta kuwa nan da nan take ƙamewa, kuma in tayar baya ta riga ta gaba ƙamewa wallahi sitiyari ba zai cece ka ba, motar juyawa za tai kana kallon inda ka fito. Golf da ta haura kilo 1000 ma sai da aka rage mata, balle taka da inji da giya da batir duk suna gaba, bayan fayau.

Saboda haka ni a ganina bayan motarka ba ƙarin birki take nema ba, wanda ke kai ma ya mata yawa. Durom ɗin Golf 3 mai milimita 200 ne, akwai ƙarami na Golf 2 mai 180, ya fi sauƙi, arha ne, birkin hannunsa na kamawa kamar me. Tsallen da kake ji kuma ina zargin sifirin da shokoba ne, an yi su don ɗaukar bodi da mutum uku da buhu a but, kai kuma ka ɗora musu fayif.

Injiniya_Zariya ya amsa:

Baba ya faɗi gaskiya kan bawul, a nan ba ni da ta cewa. Amma in dai dis ɗin kake so akwai hanyar da ba sai ka ƙirƙiri komai ba. Golf 2 da Golf 3 masu GTI da dis suka zo a baya, mai milimita 226, boris a cikin dis ɗin yake kamar yadda yake a durom. Sandar da taya ke juyawa a kai noti huɗu ne ke riƙe da ita a jikin aksil, ka kwance ta durom ka ɗaura ta dis mai kunnuwan da kariya, wato ƙarfen da ke riƙe kalifa, ke zama. Kalifarsu ta asali ƙarfen zubi ce, ga nauyi ga yawan cijewa ta wajen hannun birkin hannu in ta sha ruwa da laka. Sai Golf 4 da ta fito a 1997 ta zo da ta alminiyom, fistin milimita 38, birkin hannu a jikinta, kuma tana hawa kan kariyar Golf 3. Abin da za ka canja shi ne tiyo, don ta Golf 4 da noti mai rami ake ɗaure tiyonta, sai wayar birkin hannu irin ta masu dis. Ka lura da ramukan noti, ka nemi dis mai huɗu daidai da rim ɗinka don wasu GTI da VR6 biyar ne.

Ba mu muka fara ba fa, a Ingila masu haɗa irin Lotus Seven, 'yar mota mai kujera biyu, a garejin gida da yawa kayan Ford Sierra suke sawa, kalifar bayanta mai fistin milimita 43 ta ƙarfe, sai su cire su sa wannan ta Golf 4 don rage nauyi. Masu kuɗi kuma su sayi kalifar kamfanin Wilwood ta Amurka, mai kyau ce amma da dala za ka biya, ranar da fad ya cinye kuma ba za ka same shi a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ba. Na Golf kuwa ko a ƙauye.

Abu biyu da ke ba mutane wahala: fistin ɗin nan murɗa shi ake yi ana turawa, in ka matse shi da ƙarfi kamar na gaba ka kashe abin da ke ciki. Sannan wajen cire iska dole ya kalli sama, in ka sa ta hagu a dama za ka kwana kana famfo feda na nutsewa.

TsohonBakanike ya sake cewa:

Injiniya ban ƙi ba, amma ya haɗa dis da kalifa da kariya da fad ya kai wa 'yan gwangwan su ɗora a sikeli, ya ɗora durom ƙarami da farantinsa da shu, sannan ya zo ya faɗa mana bambancin. Kalifa kaɗai kuke aunawa ku ce an rage nauyi. Kuma ko wanne ya sa, ya nemi bawul mai murɗawa ya sa a layin baya, ya je fili mai ƙasa inda ba mutane, wani ya tsaya a gefe yana kallo, ya yi ta takawa a hankali yana ragewa har sai gaba ta riƙa riga baya ƙamewa. Tanki cike da tanki rabi duk a gwada.

Maiwalda_KD ya amsa:

Baba ka kama ni, bawul ɗin tun bara na haɗa shi da tarkace na sayar, na ɗauka na ABS ne ma. Fayif kai tsaye na ja daga masta, wato famfon man birki, zuwa baya, Allah ya sa ban fita babban titi da ita ba. Asabar in sha Allah zan shiga kasuwa da durom ɗaya a buhu a auna min shi da saitin dis ɗin, sifirin kuma zan fara neman mai laushi. Injiniya don Allah bawul mai murɗawar nan ana samu a nan ko sai an yi oda?