"Da tsohuwar zuma ake magani": har da motar da tsatsa ta ci?

Jikan Mai Goro, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Karin magana na kawo, amma da mota a bayanta.

A bayan gidanmu a nan Kumasi akwai Peugeot 404 ta marigayi kakana, ƙirar 1966, da ribar goro ya saye ta. Shekara 19 ke nan tana gindin mangwaro, kaji har ƙwai suke yi a kujerar baya. Tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofi, in ka ɗaga shimfiɗar ƙafar direba kuwa ƙasa kake hangowa. Na ƙudurta ta da ita. Wani abokina fita (makanike) a Magazin ta Suame, unguwar masu gyaran mota, ya ce mu zubar da tsohon injin, mu ɗora na Toyota na hom-yus (wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje), a sa birkin zamani da na'urar sanyi. Da kawuna ya ji, sai ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani," ya shuri takalminsa ya tafi masallaci. Ni dai na ɗauka cewa yake in mayar da ita yadda ta fito, kada in cusa mata baƙon ƙarfe. Haka maganar take nufi? Kuma ta dace da mota?

Malamin Alabar:
Wa'alaikumus salam ɗana. Masu magani sun fi daraja zumar da ta daɗe a ajiye a kan wadda aka tatso jiya, daga nan maganar ta samo asali. Amma ka kula da wurin da ake faɗinta. Galibi a kan mutum ake yinta. An naɗa yaro a kan aiki ya rikice, aka koma aka ɗauko dattijon da aka ajiye, sai a ce da tsohuwar zuma ake magani. Ko ka yi sababbin abokai, ranar wuya sai abokin ƙuruciya ya tsaya maka. A kan kaya ma ana faɗi, ban hana ba, sai dai kayan da tsufa ya ƙara wa kyau. Tambayar ita ce ko tsufa ya ƙara wa motarku wani abu ban da ramuka.

Masta Walda, Suame:
Malam ya gama magana. Zuma ba ta tsatsa. Ƙarfe yana yi. Shi ke nan.

Hajiyar Nima:
Masta, ka cika gaggawa. Mu mata mun fi ku sanin wannan karin magana, domin a kanmu aka fi yinta. Ranar da amarya ta ƙona miyar baƙi, uwargida ake kira, kuma ita da kanta take faɗin maganar tana murmushi. To amma in gyara maka: zuma ma tana lalacewa. Ka bar bakin kwalba a buɗe da damina, ko ka tsoma cokali mai ruwa, ka dawo bayan 'yan watanni ka ji yadda ta yi tsami tana kumfa. Tsohuwar zumar da ake magani da ita, wadda aka toshe bakinta aka adana ce. Wato maganar ba tsufa kawai take yabo ba, har da ajiya. Motar da ta sha ruwan Kumasi damina biyu a kowace shekara har shekara 19, ganyen mangwaro yana ruɓewa a kanta, wa ya toshe bakinta?

Jikan Mai Goro, Aboabo:
Hajiya, wannan ta shige ni. Laifinmu ne, ko tamfol ba mu taɓa rufa mata ba.

Ɗan Sabon Zango, Ankara:
Ni daga nan Ankara babban birnin Gana, ina bayan kawu, kuma ba na jin kunya. Ku san abin da ake magana a kai. Irin wannan mota ta fara fitowa a 1960, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma ita ce ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau 4, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin da suka fi na Yeji muni. Injinta lita 1.6 ne, kafireta ce, babu kwamfuta, duk fitan da ya san hannunsa zai kwance shi a gindin bishiya ya mayar. Giyarta a jikin sitiyari take. Ka cire waɗannan ka sa na Toyota, me ya rage? Kwanon jiki kawai. In Corolla kake so, ga su nan cike da titi, ka je ka saya. Ba a canza wa tuwo suna.

Hajiyar Nima:
A Gana kake cewa ba a canza wa tuwo suna? Tuwon zafi fa, ba TZ ake rubutawa a allon masu abinci ba? Shinkafa da wake ta zama waakye, har ana jayayya da mu a kan wa ya ƙirƙiro ta. Nemi wata karin maganar, ƙanena, wannan ba ta tsallako iyakar Aflao da rai ba.

Ɗan Sabon Zango, Ankara:
Sunan aka canza Hajiya, tuwon yana nan. Shi kuwa sunan zai bari ya canza tuwon.

Malamin Alabar:
Wannan amsa ta yi kyau, na karɓa.

Masta Walda, Suame:
Bari in yi bayani tunda an ce na yi gaggawa. Ku duka kuna gardamar inji, ni kuwa ko bonet ba zan buɗe ba sai na kwanta a ƙarƙashinta.

404 ta ɗaukar mutane ba ta da shasi daban irin na tsohuwar Bedford da ake ɗora wa bodin katako. Jikinta shi ne shasinta. Dogon ƙarfen nan na ƙasan ƙofa da daɓen da kake taka ƙafa su ne ƙashin bayanta. In sun ruɓe, ba kwalliya ce ta lalace ba, motar ce ta karye, ba ta dai faɗi ba tukuna. Alamar farko: ɗaga ta da jak, ka buɗe ƙofa ka rufe. In ƙofar ta ƙi shiga mazauninta, jikin yana lanƙwasa.

Tsatsa kala uku ce a wurinmu. Akwai ja ta sama, a goge da burushin waya a shafa fenti, magana ta ƙare. Akwai mai ɓawo wadda ke tashi kamar ɓawon rogo, wannan ta ci rabin kaurin ƙarfen. Akwai wadda ta huda. Ɗauki sukundireba da ƙaramar guduma ka bi ƙasan ƙofofi, wurin kafa jak, daɓen but, gefen gilashin gaba, da kan tukwanen da shokan gaba suke ɗaure a cikin ɗakin inji. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi kwali. Ka tafi da maganaɗisu kuma. Duk inda ya ƙi kamawa, wani ya taɓa cika wurin da fila, wato kwaɓin cike lotsawa, ya rufe da fenti.

Yanzu ga abin da ya sa ban yarda da abokinka ba. Ƙirar 1966 birkinta na dirom ne gaba da baya. Ka ɗora inji mai ƙarfin da ya ninka nata a kan jikin da ya ruɓe, ka sauko gangara da iyali a ciki? Garin neman gira a rasa ido ke nan. Kuma ban yarda da Ɗan Sabon Zango gaba ɗaya ba, domin ko asali za ka mayar ko sauyi za ka yi, aikin farko ɗaya ne: a tokare bakin ƙofofi da ƙarfe don kada jiki ya karkace, a yanke ruɓaɓɓen, a lanƙwasa sabon faranti a yi walda. Wanda ya manna faranti a kan tsatsa ya rufe da kwalta, ya ɓoye maka gyambo ne a ƙarƙashin riga. A nan kuɗin yake tafiya, ba a inji ba.

Bakano a Tema:
Masta, irin aikin da ka ambata a ƙarshe shi ne muke kira gyaran gangar Auzinawa. An taɓa yi mini a kan wata 504, ba zan faɗi garejin ba, bayan damina ɗaya fentin ya kumbura kamar ƙurajen ƙyanda. Game da kayan gyara kuwa, kada ka tsaya a Magazin da kasuwar Abossey Okai ta Ankara kaɗai. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ta daɗe tana fita daga can bayan Faransa ta daina yinta, saboda haka tsofaffin kayanta ba su ƙare ba a wajenmu. A tambaya a Lome da Wagadugu ma. In kuma ka sauya inji, ka tuna lambarsa tana cikin takardun DVLA, hukumar rajistar motoci, sai an je an gyara.

Malamin Alabar:
Bakano, taka ta ɗan kauce. Gyaran gangar Auzinawa shi ne mutum ya zo da niyyar gyara ya ƙarasa abin gaba ɗaya. Wanda ya rufe tsatsa da kwalta ya san abin da yake yi. Wannan ha'inci ne, ba ya bukatar karin magana.

Hajiyar Nima:
Tambaya ɗaya ɗana, kada ka ji haushi, gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne. An raba gadon motar nan? Yau da take kwana da kaji ba mai kallonta. Ranar da ta fito tana sheƙi a titin Aboabo, za ka sha mamakin yawan jikokin da kakanka ya bari. Ka tara su a yi magana a rubuta kafin ka kashe ko sidi ɗaya na kuɗinka.

Baba Tsohon Fita, Asawase:
Jikana ne yake rubuta mini wannan, idona ba ya ganin ƙananan haruffa. An karanta mini duka. Yaro, motar kakanka fara ce mai jan kujeru, da ɗan lotsawa a bamban baya ta hagu? In ita ce, na san ta tun ina yaron gareji.

Ku da kuke cewa a mayar da ita asali, wane asalin? A 1966 a hannun hagu ake tuƙi a ƙasar nan, motar da sitiyarinta a dama ta zo. Ranar 4 ga Agusta 1974, zamanin shugaban ƙasa Acheampong, aka koma hannun dama, rediyo kullum yana "Nifa, nifa, enan," wato "dama, dama, ranar huɗu" da harshen Twi. Bayan nan Alhaji kakanka ya kawo ta wurin maigidana ya ce a mayar masa da sitiyari hagu, domin ba ya ganin gabansa in zai wuce manyan motoci a hanyar Tamale. Ni na riƙe fitila ana aikin, ni na sha ranƙwashi da na ɓatar da noti. Daga baya da injin ya gaji, a shekarun wahala da kayan gyara suka yi wuya, na 504 muka ɗora mata, a lokacin na zama masta. Alhaji bai taɓa cewa an ɓata masa mota ba. Shi abin da ya dame shi ta kai shi ta dawo da shi.

Je ka duba bangon da ke tsakanin inji da ƙafar fasinja. Za ka ga faranti mai kusurwa huɗu da aka toshe tsohon ramin sitiyari. Waldar maigidana ce, Allah ya jiƙansa.

Ɗan Sabon Zango, Ankara:
Baba, ka kashe mini baki. Amma ko a hakan, daga Peugeot zuwa Peugeot aka yi, jini ɗaya ne. Toyota bare ce.

Baba Tsohon Fita, Asawase:
Abin da muka samu muka sa, ɗana. Da na Datsun ne a kusa, da shi za mu sa.

Malamin Alabar:
To yanzu sai a sake tambaya: wace ce tsohuwar zumar, motar da ta fito daga Faransa, ko motar da Alhaji ya tuƙa shekara da shekaru da sitiyari a hagu? Mai neman ta farko zai rushe aikin da kakansa ya biya da kuɗinsa aka yi. Ni ban da amsa. Amma ɗana, me ya hana ka tambayi kawun naka abin da yake nufi? Yana da rai, gida ɗaya kuke.

Jikan Mai Goro, Aboabo:
Na dawo. Jiya Asabar na bi ta da sukundireba kamar yadda Masta ya ce. Ƙasan ƙofofin hagu ya zube kamar garin gari, na dama da sauƙi, daɓen direba babu shi. Amma tukwanen shok sun yi ƙara da na buga, kuma ƙofofi uku sun rufu bayan na ɗaga ta. Farantin da Baba ya faɗa yana nan, wallahi ko tsatsa bai yi kamar sauran ba. Na daɗe ina kallonsa.

Na tambayi kawu bayan la'asar. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa. Ya ce shi bai yi maganar inji ba, bai san Toyota ba bai san kafireta ba. Cewa ya yi in rabu da yaron nan abokina da aka yaye shekaranjiya, in nemi tsohon da ke gyara wa mahaifinsu mota a Asawase in yana raye. Hajiya, maganar gado kuma mun sa ranar Juma'a.

Hajiyar Nima:
Malam ya faɗa tun farko, a kan mutum ake yinta. Mu muka tsaya auna zuma.

Baba Tsohon Fita, Asawase:
Ina raye, hannu ne dai yake rawa. Masta Walda ya yi aikin ƙarfen, ni in zauna a kujera ina nuna masa. Kada ka yi gigin ta da injin, man da ke ciki ya zama kwalta. A jawo ta a kan babbar mota, kada a ja ta da igiya. Kuma ka kwashe ƙwan kajin kafin ku taso.