Taƙaitawar Tattaunawa Kan Hanyoyin Gashin Dajin Saman Maƙogwaro

Ga abin da aka tattaro daga doguwar tattaunawar da aka yi kan ciwon dajin da ke fitowa a bayan hanci, wanda ya fi yawa a kudancin Sin da kudu maso gabashin Asiya da arewacin Afirka.

1. An yi ittifaƙi cewa gashi da haske (radiotherapy), wato kashe ƙwayoyin dajin da haske mai ƙarfi, shi ne ginshiƙin magani, domin wurin yana dab da ƙasan ƙoƙon kai, inda tiyata ke da wuya. Galibi ana ba da kimanin Gy 70 (Gy shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha) cikin mako 6 zuwa 7, a haɗa da maganin kashe ƙwayoyin daji mai suna cisplatin idan cutar ta yi nisa.

2. Mafi rinjaye sun fifita hanyar gashi ta zamani da ake kira IMRT a kan tsohuwar hanya, saboda tana daidaita ƙarfin hasken da siffar ƙarin, ta kare gaɓoɓin da ke samar da yawu. Masu jinya sun ce bushewar baki ba ƙaramar matsala ba ce, domin mutum kan kasa haɗiye loma sai da ruwa, haƙora ma su lalace.

3. VMAT, wani salo na IMRT, wadda na'urarta ke kewaya majiyyaci, ta fi sauri, don haka ba ya daɗewa kwance cikin abin rufe fuskar da ke hana shi motsi.

4. A kan gashin furoton (proton), wanda ke amfani da ƙananan ƙwayoyin zarra maimakon hasken X-ray, ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce yana rage hasken da ke taɓa baki da ƙwaƙwalwa, wasu kuma suka kawo tsadarsa da ƙarancin cibiyoyinsa, hujjar da a ganina take da nauyi.

5. An ba da shawarar ganin likitan haƙori kafin a fara, kuma a sake tsara gashin idan majiyyaci ya rame sosai.