Neman shawara: yaya zan koya wa yara darasin sandan Musa?

Salama, iyayena da 'yan'uwana a cikin Ubangiji. Ni malamar makarantar Lahadi ce, ajin 'yan shekara 7 zuwa 10 ne a hannuna. Makon jiya na koya musu labarin Dawuda da Goliyat, har na tsinto duwatsu 5 masu sulɓi na kai aji. Da aka tashi sai wani yaro ya lallaɓo, yana murza bakin rigarsa, wai in ba shi ɗaya ya sa a aljihu ranar jarrabawa. Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Lahadi mai zuwa sandan Musa ne darasinmu. In sake kai abin nuni, ko in haƙura kada su ɗauke shi kamar laya?

Wani dattijon ikkilisiya: 'Yata, ki kai sandan, amma ki nemi tsoho irin na makiyaya, wanda hannu ya goge. A Fitowa sura 4, lokacin da Allah ya tambayi Musa abin da ke hannunsa, sandan kiwo ne kawai, tumakin surukinsa Yetro yake kora da shi. Sai da ya yar da shi bisa umarni ya zama maciji, kuma a aya ta 20 har an koma kiransa sandan Allah. To kada ki tsaya nan. Ki haɗa musu da Littafin Ƙidaya sura 20: an ce ya yi wa dutse magana, shi kuwa ya buga sau biyu. Ruwa ya fito, amma Musa bai shiga ƙasar alkawari ba. Ki tambaye su, tunda sanda na hannunsa, me ya hana shi shiga?

Matar fasto: Baba ya gama magana. Tsoron da kike ji, ƙanwata, ya taɓa faruwa ga manya ma. Macijin tagulla da Musa ya kafa a jeji, wanda duk wanda maciji ya sara in ya duba shi sai ya rayu, daga baya Isra'ilawa suka riƙa ƙona masa turare, sai da Sarki Hezekiya ya farfasa shi. Yana 2 Sarakuna 18:4. Yaron nan kada ki tsawata masa. Ki ja shi gefe ki tuna masa dutse ɗaya tak Dawuda ya harba, ki tambaye shi ina sauran huɗun suka shiga.

Wani ɗan ƙungiyar matasa: Anti, ni da za ki bi tawa, kowane yaro ya zo da abu daga gidansu, ko kwalbar man gyaɗa ce. Gwauruwar da ta kai wa Elisha kuka, ɗan mai a tulu kaɗai ya rage mata, aka ce ta aro tandaye wurin maƙwabta. Yaron da ke Yahaya sura 6 kuma gurasar sha'ir 5 da kifi 2 gare shi, sa'ansu ne, za su ji shi a jiki.

Wata uwar 'yan biyu: Ni dai roƙona ɗaya, kada a ce su zo da majajjawa ko danƙo. Tagogin coci sababbi ne.

Malamar: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, sandan nan naka na zuwa gona, zan aiko yaro ya karɓa ran Asabar.